Takardun da Suka Dawo da Amsa Ɗaya

Makon jiya jikata Rabi ta kawo mini 'yan ajinsu uku nan Kudan. An ba su aikin bincike a jami'a a kan haɗin kan ƙasashen Afirka ta Yamma, sun kuma ji an ce na taɓa yin wannan aiki. Tun ba a gama gaisuwa ba ɗayansu ya ɗaga wayarsa ya ce ai abin ba wuya, za su tura tambayoyi ta waya, kafin Juma'a amsoshi sun cika. Ban yi masa gardama ba, don baƙo ne, ko ruwa bai sha ba. Na dai ce su dawo bayan kwana bakwai, zan rubuta musu yadda aka faro abin daki-daki, in aika musu kafin ranar. To ga shi nan, ku karanta a jere, kada ku tsallake.

Karatuna na boko aji bakwai ne na firamare, ban wuce nan ba. A shekarun farko na samun mulkin kai sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Makarfi. Ina da teburi ɗan ƙarami da benci, ina kuma da wata ɗabi'a da na koya wurin mahaifina, wanda malamin allo ne: duk wasiƙar da na rubuta, sai na sa a ƙasanta wanda ya faɗa da wanda yake zaune ya ji. Mahaifina yakan ce magana ba shaida kamar tuwo ne ba miya, ana iya haɗiyewa amma da ƙyar.

A wannan benci Malam Hamisu ya same ni. Saurayi ne dogo mai tabarau, bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba, yana koyar da sha'anin mulki a jami'a. Ya tsaya yana kallon rubutuna har na gama wasiƙar wani mai kanwa, sannan ya tambaye ni ko na iya hawan keke. Na ce na iya. Ya ce yana neman mataimakin bincike. Ban san mene ne wannan ba, amma daga baya mutanen ƙauye suka raɗa wa aikin sunan da ya fi dacewa da shi, suna ce mini malamin tambaya.

Ku yanzu kuna da sashe guda da ɗakin karatu da jarrabawa a kan wannan fanni, kuna tsammanin haka aka haife shi da haƙora. A lokacin ko ɗaki ba shi da shi. Teburi ɗaya ne a kusurwar wani ofis, da littattafai 'yan kaɗan da Malam Hamisu ya zo da su a akwatinsa. Littattafan suna bayanin yadda wasu ƙasashen Turai da suka gama yaƙar juna suka fara haɗa cinikinsu don kada a sake. Mu kuma nan ƙasashenmu sun samu 'yanci ke nan, kullum a rediyo shugabanni na maganar a haɗu a zama tsintsiya. Tambayar Malam Hamisu ita ce, shugabanni sun faɗi nasu, to talaka fa? Wannan tambaya ita ce dukan fannin a wancan lokaci, ita da teburin.

Mako uku ya yi yana koya mini aiki. Kayan aikin su ne: keke mai kariyar ɗora kaya, jakar fata mai marfi, fensir shida, reza ta fiƙe su, katakon ɗora takarda, da takardun tambayoyi da ake bugawa da wani inji mai hannu wanda ake juyawa kamar na niƙan markaɗe. Ba a yarda da alƙalamin tawada ba, don ɗigon ruwa ɗaya yakan cinye amsar mutum. Sai goro, wanda Malam bai sa a lissafin kayan aiki ba, ni na sa shi. Sai kuma abin da muka ɗauka ya fi komai daraja, wato wasiƙar hakimi mai hatimi, wadda ke cewa a ba mu haɗin kai. Doka ta farko, ka rubuta abin da mutum ya faɗa, ba abin da kake zaton yana nufi ba. Ta biyu, kada ka gyara wa kowa amsa. Ta uku, kada ka cika takarda idan mutumin ba ya gabanka.

Ranar ƙarshe ta koyo Malam ya karanta mini tambayoyin da Hausa, ya yaba tsarin da bakinsa, sannan ya ce, "Idi, kai ka san mutanen nan. Tsarin ya yi?"

Na ga inda zai ɓaci tun a lokacin. Amma shi ne babba, ya je Turai, ni aji bakwai. Na ce, "Madalla, Malam, ya yi." Ku riƙe wannan madalla, za mu dawo kanta.

Aikina na farko a Gubuchi ne, da kaka, an gama yankan dawa. Na jingine keke a ƙofar dagaci, na durƙusa na yi gaisuwa, na miƙa wasiƙar hakimi. Kafin na gama shan furar da aka kawo mini an tara magidanta zaure ya cika. A gaba kusa da dagaci akwai wani dattijo mai farin gemu, Baba Maikano, wanda ya fi kowa shekaru kuma yake da injin matsar rake a bakin fadama. Bisa ladabi da shi na fara. Na karanta masa babbar tambayar, ko yana so ƙasashen nan namu na maƙwabta su haɗu su zama abu ɗaya. Ya dubi wasiƙar da ke hannun dagaci, ya dubi jakata, ya shafa gemu, ya ce ai haɗin kai alheri ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Allah ya taimaki hukuma. Na rubuta. Na juya ga na kusa da shi, ya ce abin da Baba ya faɗa shi ne. Na gaba ya ce ina shi ina magana bayan Baba. Wani ma bai bari na gama karantawa ba ya ce in sa masa irin ta Baba, yana sauri zai je ban ruwa. Haka har ƙarshen zaure.

Doka ta ce in rubuta abin da aka faɗa, na rubuta. Amma hannuna ya saba da ɗabi'ar wasiƙa, sai na riƙa juya kowace takarda ina rubutawa a bayanta: an yi a zauren dagaci, ga waɗanda ke zaune, ga wanda ya fara magana. Ba wanda ya sa ni.

Saulawa haka, Nasarawan Doya haka, ƙauyukan Ikara haka. Ko'ina akwai Baba Maikanon wurin, ko'ina akwai masu cewa abin da Baba ya faɗa. Sau ɗaya na ji wata magana daban, ita ma a waje. A Saulawa wani Bafulatani ya amsa mini irin ta kowa a cikin zaure, da na fito ina ɗaure jaka a kan keke sai ya matso ya ce, idan an gama haɗa ƙasashen a aiko a gaya wa shanunsa, don su tun kakanninsu suka haɗe su, ba wanda ya kawo musu takarda. Muka yi dariya, na ba shi goro, na rubuta maganar a bayan takardarsa.

Aikin da daɗi, ban ɓoye muku ba. Na ci tuwon gidaje da yawa, na san kowace hanyar rafi tsakanin Kudan da Ikara, yara na bin kekena suna kiran malamin tambaya. Da na kai wa Malam Hamisu kwali cike da takardu, ya ƙirga fuskarsu, bai juya bayansu ba. Ya yi murna har ya saya mini sabuwar taya. Ya zauna ya rubuta maƙala cewa talakawan wannan yanki baki ɗaya suna son haɗewa.

Wannan ita ce mummunar shekarar. A jami'a akwai al'ada, idan malami ya gama bincike sai ya karanta shi gaban sauran malamai su tsattsage shi. Shugabansu wani tsohon Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko da ba wuta. Ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa. Da Malam Hamisu ya gama karatu, an ce Mai Lofe ya cire lofen ya ce shi a duniya bai taɓa ganin gari guda da kowa ya yarda da abu ɗaya ba, ko a kan gishirin miya. Ya ce abin da ya fi kama da gaskiya shi ne mai keken ya samu inuwar bishiya ya zauna ya cike takardun da kansa.

Aka aiko mini in zo ranar Litinin. Ku gane abin da ke gabana. Idan maganar ta tabbata, kora ce, kuma ba korar ce babba ba. Labari zai riga ni isa Makarfi cewa Idi yana rubuta wa mutane abin da ba su faɗa ba, kuma mai rubuta wasiƙar da aka yi wa wannan shaida ba zai ƙara zama a kan benci ba har abada. Shi kuma Malam Hamisu an gaya masa za a ɗauke teburin, a ba shi wani darasi ya koyar.

Na sa farar rigata ta Juma'a na je. Malamai biyar ne a ɗakin, ga kwalina a tsakiya. Mai Lofe ya gaishe ni da kyau, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce in faɗi gaskiya, a gindin wace bishiya na zauna. Na ce a ba ni izini in taɓa kwalin. Na fito da takardun Gubuchi na jera su a teburi bisa yadda aka zauna a zaure, na kifa kowacce. Na yi haka da na Saulawa. Mai Lofe ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta bayansu. Da ya zo kan ta Bafulatanin nan ya yi dariya har lofen ya faɗi a cinyarsa.

Ya ce to, ya yarda na je. Amma sai ya kawo tambayar da ta fi ta farko zafi. Ya ce, "Malam Idi, tun Gubuchi ka ga dattijo ɗaya ne ke amsa wa gari. Me ya hana ka gaya wa maigidanka?"

Na dubi Malam Hamisu, shi ma ni yake kallo. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya hana su shi ya hana ni. Malam ya riga ya ce tsarin ya yi kyau kafin ya tambaye ni. Ina ni ina magana bayan Malam."

Malam Hamisu ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Na zaci fushi ne, ashe dariya yake yi wa kansa. Ya ce shi ɗan ƙasar nan ne, a zaure aka rene shi, amma shekara huɗu a Turai ta mantar da shi abin da kowace tsohuwa ta sani. Mai Lofe ya ce ba a kore ni ba, ba a kuma wanke binciken ba. Sai na kai su sun ji da kunnensu cewa mutanen nan suna da wata amsa bayan ta zaure. In babu, teburin ya tafi.

Na ce zan kai su, amma da sharaɗi uku, kuma wannan ne karo na farko da na kafa wa na gaba da ni sharaɗi. A bar wasiƙar hakimi a gida. A bar mota a Makarfi a ƙarasa da ƙafa. Kada kowa ya fito da takarda sai na ce.

Muka je Gubuchi da rani, lokacin matsar rake. Mun gaida dagaci a tsaye a ƙofar gida kamar masu wucewa, muka zarce fadama. Mun tarar da Baba Maikano a bakin injinsa, doki na zagayawa yana juya ƙarfen, ruwan rake na zuba a garwa, ga manyan kaskon dahuwa na tafasa, ƙamshin mazarƙwaila ya cika wurin. Na zaunar da Mai Lofe da Malam Hamisu a kan tarin ɓawon rake, na miƙa wa kowa sanda guda. Mai Lofe bai iya ɓare rake da haƙori ba, Baba ya ce a kawo wa yaron nan wuƙa kada ya bar mana haƙoransa a gona. Muka yi hira a kan doki, da farashin itace, da ruwan bara. Sai da aka kwashe kasko na biyu sannan na ce, kamar abin ya faɗo mini ne, wai Baba ana ta maganar za a haɗe mu da mutanen Faransa, wato na ƙetaren iyaka ta arewa, haka ake kiransu a lokacin.

Baba ya ce Allah ya kiyaye. Ya ce a haɗe a ba wa? Yanzu ma shanun arewa sun ishe shi a fadama, ina ga an cire iyaka. Kuma hukuma ɗaya ma yaya aka ƙare da ita, balle a tara masa huɗu a ka. Ya yi ta faɗa har doki ya tsaya sai da aka kora shi. Malam Hamisu na ta zare mini ido, hannunsa na kan aljihu, na girgiza masa kai.

Muna cikin haka wani mutum mai rawani baƙi ya fito daga bukkar da ke gefe yana ɗaura mazarƙwaila a mangala. Baba ya ce masa, Usmanu zo ka gaida baƙi. Mai Lofe ya tambaya ko ɗansa ne. Baba ya ce kusan haka, mutumin wajen Maraɗi ne, kowace shekara yakan zo da jakuna da kanwa ya koma da mazarƙwaila. Uban Usmanu a gidan uban Baba yake sauka. Ɗakin Usmanu na nan a gidan Baba, ba mai kwana ciki sai shi. Shekarar da aka yi rigima da shi a kasuwar Makarfi kan awo, Baba ne ya tsaya masa gaban sarkin kasuwa. Ƙanen Baba kuma da ya je can neman raƙumi ya kwanta ciwo, a gidan su Usmanu aka yi jinyarsa wata biyu.

Malam Hamisu ya kasa haƙuri, ya ce, "To Baba, ai wannan shi ne haɗewar da muke tambaya."

Baba ya ce, "A'a ɗan nan, wannan Usmanu ne. Kai ƙasa ka ce."

Sai na tuna masa cewa a zauren dagaci ya ce mini haɗin kai alheri ne. Ya dube ni kamar ya ga wanda bai da wayo. Ya ce, "Idi, ka zo da takardar hakimi, ka tara mini gari a ka, ka karanta mini abu daga takarda. Ai gaishe ni ka yi, na amsa. Yau ce ka tambaye ni."

A nan na ce wa Malam ya fito da fensir.

A hanyar komawa malaman nan biyu gardama suka yi tun daga fadama har Makarfi, kowa riƙe da ƙullin mazarƙwailar da Baba ya ba shi. Mai Lofe na cewa abin da mutum ya faɗa a sake shi ne gaskiyarsa. Malam Hamisu na cewa a'a, abin da yake yi ne, ga mutum na ƙin haɗewa da baki alhali ɗakin baƙonsa ya fi iyakar tsufa. Ni ina baya ina jin su. Ba wanda ya ƙara ambaton ɗauke teburi. Da muka isa mota Mai Lofe ya ce in shiga gaba.

Daga wannan rana aikin ya sake. Muka daina tambayar mutum abin da yake so, muka koma tambayar inda ya kwana a tafiyarsa ta ƙarshe, wa ya ba shi masauki, wa ya raba shi da abokin rigima, ta wace hanya kayansa suka bi. Na yi shekaru ina zama a zangon baƙi ranar kasuwa, ina bin masu goro da masu kanwa da masu shanu ɗaya ɗaya, kowa shi kaɗai, a bakin aikinsa. Kowane matafiyi da katinsa, katunan a akwatin katako bisa hanya. Malam ya kafa taswira a bango yana ja mata zare daga gari zuwa gari, har zaren ya rufe layin iyaka ba a ganinsa. Maƙalarsa ta biyu ta ƙaryata ta farko, shi da kansa ya faɗa a shafin farko, kuma ita ce malaman wasu ƙasashe suka aiko suna neman kwafinta.

Kada ku zaci nan aka tsaya. Ɗalibarsa ta farko, Malama Asabe, 'yar kudancin lardin nan, ta tashi a taron malamai ta ce zaren Malam yana da kyau, amma jakin Usmanu bai taɓa sa hannu a yarjejeniya ba. Idan ciniki ne ke haɗa gwamnatoci, me ya sa ba su haɗu ba tuntuni? Ta ce sai an je an tambayi ma'aikatan kan iyaka da masu rubuta dokoki. Malam ya ji zafi kwana biyu, rana ta uku ya ce in gyara keke in raka ta. Bayanta wani ya zo ya ce dukansu sun manta da makiyaya da malaman da ke yawon karatu. Kowa ya zo sai ya rushe wani gefe na ginin wanda ya riga shi ya ɗora nasa. Da haka teburi ya zama ɗaki, ɗaki ya zama darasi mai jarrabawa, darasi ya haifi mujalla. Lokacin da gwamnatocin suka zo suka kafa ƙungiyarsu, sun tarar da masu binciken sun riga su zama. Abin da na gani da idona a shekarun nan shi ne, fannin bai taɓa yin gaba ranar da kowa ya yarda ba.

Ni kuwa da aka sake buga takardun tambaya, sai na ga an ƙara wani fili a ƙasa: inda aka yi hirar, waɗanda ke zaune, wanda ya fara magana. Ɗalibai suka riƙa kiransa layin Idi, har waɗanda ba su taɓa ganina ba. Bencina na Makarfi ma ban rasa shi ba, ranar da ba fita nakan zauna, mutane na kawo wasiƙa kamar da.

Saboda haka kai mai waya, kafin ka tura tambayoyinka duba ko akwai wannan layi. Ka san wa ke zaune kusa da mai amsa maka, da sunan wa ya gani a saman saƙon, da ko amsa yake ba ka ko gaisuwa. Injin Baba Maikano yana nan a hannun jikokinsa, sai dai yanzu ba doki. Ku je da rani, ku bar takardar shugaban sashenku a jaka, ku sha rake tukuna.

Idan kun dawo ranar da muka yi, ɗaya ɗaya za ku shigo mini, Rabi a ƙarshe don ita ce 'yar gida. Kowa ya zo da abu guda da bai yarda da shi ba a cikin takardar nan. Wanda ya ce mini madalla zai koma ya sake karantawa, don ni na san abin da madalla ta kusa ja mini.